Gadar da Ta Daina Ɗiga

Shekara goma sha ɗaya Injiniya bai taka gadar ba. Shi ya zana ta, shi ya tsaya a kanta shekara shida har aka gama, kuma ranar da hukumar gadoji ta yi masa ritayar dole ya kwashe littattafansa a kwali, ya koma wani gari, ya kafa doka a gidansa: duk wanda zai ambaci gada, ya ambace ta a waje.

Ya yi karatu a wata ƙasa mai sanyi, ya yi shekara bakwai yana jan waya a gadojin mutane, ya bar yatsu biyu a can. Da ya dawo aka ba shi tebur a lungu yana zana kwalbati. Sai da ya yi furfura a gemu aka yarda ya gina abin da ya koyo. Daga baya, da ya ƙi sa hannu a bar tireloli masu lodin da ya wuce ƙima su riƙa hawa, aka gode masa da agogon bango.

Yanzu ga wasiƙa ta zo. Gada ta cika shekara talatin, za a yi taro a kanta, za a sa mata sunansa. Ya jefa wasiƙar a kwandon shara. Matarsa ta ciro ta, ta goge, ta ajiye masa a kan filo. Ta ce ita dai tana son ganin jikokinta, in shi ba ya son ganin tasa 'yar ta ƙarfe. 'Yarsu ɗaya tilo tana can garin, tana auren wanda yanzu shi ne Daraktan hukumar, yaron da Injiniya ya koya wa riƙe ma'auni da hannunsa. Suka tafi saura kwana tara taro.

Washegarin isarsu an kwana ana ruwa. Ya sha shayi a tsaye, ya ce zai je aski, ya tari tasi ya ce a kai shi bakin kogi.

Gada ce mai rataye. Hasumiya biyu, ɗaya a kowace gaɓa, da manyan igiyoyin ƙarfe biyu da suka hau kansu suka sauko tsakiya kamar igiyar shanya da kaya suka yi wa nauyi. Kowace igiya ta fi ƙugun ƙato kauri, kuma ba ƙarfe guda ba ne: wayoyi ne dubu tara, kowace kaurin fensir, aka haɗa aka matse kamar tsintsiya, aka naɗe, aka shafe da fenti. Daga jikinsu ƙananan igiyoyi ke saukowa su riƙe titi. Duk inda ƙarama ta kama babba akwai maɗaurin ƙarfe mai ɓari biyu, da tsaga ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Ta sama ana toshe ta da danƙo don kada ruwa ya shiga. Amma ruwa ba ya neman izini, ko yaya sai ya shiga, shi ya sa Injiniya ya sa aka bar ta ƙasa a buɗe ya sami hanyar fita. Lafiyayyar gada, yakan ce, tana fitsari kwana uku bayan ruwa.

Ya taka a ƙafa har tsakiya, inda igiya ke saukowa daidai kan mutum. Fenti sabo fil, ja, yana sheƙi. Tireloli na wucewa, titi na rawa a ƙarƙashin takalminsa, irin rawar da ya sani. Ya tsaya ƙarƙashin maɗauri na farko ya ɗaga kai yana jiran ɗigo ya faɗo masa a goshi.

Bai faɗo ba. Ya matsa na biyu, na uku, na goma. Duk a bushe. Ya kai hannu ya shafa ƙasan maɗaurin. Sumul, babu tsaga. An cika ta da danƙo, an bi da fenti, kuma ko makaho ya shafa ya san ba na bana ba ne kaɗai, fenti ne kan fenti kan fenti.

Ɗakin masu fenti yana gindin hasumiyar gabas, inda ya bar shi. Gwangwanaye a jere har rufi, burushi a jiƙe cikin kananzir, belolin hawa a rataye kan ƙusa. Shugabansu, Dogo, yana zaune kan bokiti yana kankare burushi. Ya ranƙwafa yanzu, amma har yau sai ya sunkuya a ƙofa. Da ya ga wanda ya shigo ya miƙe da sauri har bokiti ya kife, ya fara jero gaisuwa, ya iyali, ya ƙarfin jiki.

Injiniya bai amsa ko ɗaya ba. "Wa ya toshe min gindin maɗaurai?"

"Ni ne, Maigida."

"Kai."

"Da hannuna. Ɗari biyu da sittin da huɗu, ban bar wa kowa ko ɗaya ba."

Abin da ya biyo baya, masu fenti biyu da ke cin abinci a waje suka ajiye cokali suka saurara. Injiniya ya kira shi jaki mai burushi. Ya ce shekara goma sha tara yana gaya masa kada a taɓa ƙasa, kada a taɓa ƙasa, ashe da bango yake magana. Ya ce da akuya ya ba wa aikin da ta fi shi riƙe magana. Dogo ya tsaya kansa a ƙasa yana murza tsumma har aka gama.

Sannan ya ce, a hankali, shekara tara ke nan. Wani mai duba aiki ya zo da takardun zane, ya bi maɗaurai ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta cewa duk ƙasansu a buɗe yake, aikin ha'inci ne, a toshe. "Na ce masa Maigida ya hana. Ya ce saboda me? Na yi shiru."

"Don me ka yi shiru?"

"Me zan ce? Na taɓa tambayar ka dalili, tun gada tana sabuwa. Ka ce fenti aka ɗauke ni in yi, ba tambaya ba."

Injiniya ya tuna. Har rigar da ke jikinsa ranar ya tuna. Wannan ya ƙara masa haushi, bai rage ba. Ya ce a ɗauko tsani da sukuddireba.

Dogo ne ya hau. Ya caka sukuddireba a danƙon maɗaurin tsakiya, ya murɗa, ya zare. Ruwa ya feso ja kamar na wankin nama, da wari irin na tsohuwar rijiya, ya jiƙa masa hannu har gwiwa, ya ci gaba da zuba a kan titi. Direbobi na leƙowa. Injiniya ya sa aka warware naɗin igiyar tsawon kamu biyu, aka fere guntayen katako masu siririn baki, aka riƙa buga su tsakanin wayoyi da guduma don a buɗa ciki a gani. Wayoyin waje da ɗan dama. Na ciki sun yi baƙi, sun yi ƙuraje. Katako na huɗu yana shiga, wata waya ta yi tsalle ta fito da karyayyen baki. Ya ƙirga da yatsunsa takwas, ya sake ƙirgawa. Arba'in da ɗaya a wuri guda, iya inda ido ya kai.

Dogo ya tambaya ko za ta faɗi. Injiniya ya ce ba yau ba. Wataƙila ba bana ba. Amma duk wayar da ta tsinke, 'yan'uwanta ne ke ɗaukar kayanta, kuma nan da kwana takwas za a tara mutum dubbai a nan tsakiya, da jerin gwanon manyan motoci, don a tafa masa.

Bai tsaya wanke hannu ba. Haka ya shiga hukumar, ya wuce sakatare da ke cewa Darakta na da baƙi, ya tura ƙofa. Babu baƙi. Akwai sanyin na'ura, da hoton gadar da ya cika bango, da wani allon tagulla a jingine a lungu, an rufe shi da takarda amma rabin sunan Injiniya ya leƙo.

Darakta ya miƙe ya zagayo tebur ya rusuna. "Baba, da ka aiko ai da na zo."

Injiniya ya ajiye guntuwar wayar a kan takardun da ke tebur. Tsatsa ta ɓata farar takarda. Ya faɗi abin da ya gani, a taƙaice, da lambobi. Ya ce a hana manyan motoci hawa daga yau, a soke taro, a buɗe duka tsagogin, a warware igiya wuri goma sha biyu a duba. Sannan ya tambayi wane ɗan ƙwal uba ne mai duba aikin da ya ba da umarnin toshewa.

"Ni ne, Baba."

Ya riga ya zata. Duk da haka sai da ya ji kunnuwansa sun yi zafi. Ya ce ashe shekarun da ya yi yana koya masa aiki, zuba ruwa ya yi a kwando. Ya ce sun iya yi wa gawa kwalliya, fenti duk shekara, a ɗauki hoto, a aika sama. Ya ce ya ba shi 'ya, ya bar masa gada, ga yadda ya yi da wadda ba ta iya kai ƙara.

Darakta bai ɗaga murya ba. Suruki ne, ba zai ɗaga ba. Ya buɗe doguwar durowar zane, ya juya manyan takardu har ya kai ta sittin da uku, ya shimfiɗa ta a tebur, ya danne gefe da kofin shayi. Zanen maɗauri ne. A gefe an rubuta da ƙananan baƙaƙe: a toshe tsaga sama da ƙasa. A kusurwa akwai sa hannu, mai doguwar jela, wanda duk hukumar ta sani.

Injiniya ya daɗe yana kallon takardar. Haka ya zana tun farko, yadda aka koya masa a ƙasar da ruwanta ba irin wannan ba ne. Damina ta farko ana cikin aiki ya ga igiya na riƙe ruwa, ya tsaya a kan tsani ya ce a bar ƙasa a buɗe. Da baki ya faɗa. Ya rubuta a ƙaramin littafinsa na aljihu cewa zai gyara zane. Littafin yana cikin kwali, a ƙarƙashin gadonsa, a wani gari.

"Na zo har gida in tambaye ka," in ji Darakta. "Da wannan takardar a hannuna. Ina ambaton gada, ka ce in sha ruwana in tashi."

"Da ka nace."

"Wa ke nace maka, Baba?"

Daga nan Darakta ya faɗi yadda abin yake. Shi ba shi da ikon rufe hanyar da rabin kayan ƙasa ke bi, saura kwana takwas manya su zo, don kawai surukinsa ya ga tsatsa. Sai da rahoto a rubuce, mai sa hannun injiniya, wanda ya faɗi laifin da kuma inda ya fito. Kwamiti ba ya rufe gada sai ya sami wuyan da zai rataya wa. In rahoto ya ce mai duba aiki ne ya toshe abin da bai fahimta ba, to shi Darakta korarsa za a yi, kuma wanda zai gaje shi zai fara da kafa wani kwamitin, a yi wata shida. In ya ce zane ne ya zo da kuskure, to shi Darakta yana nan kan kujera, gobe da safe zai sa a gindaya ganguna a tare hanyar gada. Sai dai ba a sa wa gada sunan wanda zanensa ya ruɓar da ita.

"Wato in wanke ka da sunana."

"Ban ce ba. Akwai hanya ta uku. A yi taro, a rage mutane, bayan an watse mu gyara a hankali ba wanda ya ji."

Injiniya ya ɗauki guntuwar wayarsa ya sa a aljihu. A bakin ƙofa ya ce, ba tare da ya juyo ba, ya gode da aka nuna masa abin da ake koya a kan wannan kujera.

Ya koma gidan 'yarsa da la'asar. Jikoki na makaranta, 'yar tana wurin aiki. Matarsa na falo tana yanke wa rigar da zai sa ranar taro zaren da ya zazzago. Ta dubi kansa ta ce wanzamin nan bai iya aiki ba, ta dubi hannunsa ta ajiye almakashi.

Ya zazzage mata duka yana safa da marwa tsakanin kujeru. Hukuma ɓarayi, kwamiti ragwaye, Dogo jaki, suruki matsoraci. Shekara arba'in yana aiki, abu ɗaya aka taɓa cewa za a ba shi wanda ba agogo ba, shi ma sai ya saya da bakinsa a rufe. Ya ce zai rubuta gaskiya: yaron ne ya sa aka toshe, a kore shi, 'yarsa ta dawo gida in ta ga dama.

Ta bar shi ya gaji. Sannan ta tambaya ko gaskiyar ke nan duka.

Ya ce wadda ta fi yawa ke nan.

"Baban yarinya, ni na kai wa yaron ruwa ranar da ya zo tambayarka. Ina tsaye ka kore shi." Ta ɗauki rigar ta ninke. "Waɗanda suka yi maka ritaya suna gidajensu suna barci. Kai ka huce haushin kaza a kan dami, shekara goma sha ɗaya. Ni ban san ƙarfe ba. Na dai san yaran nan ta kan gadar motar makarantarsu ke bi, safe da yamma."

Ya ce ba ya bukatar a tuna masa. Ya ce ta ba shi wuri. Ta tashi da rigar, ta bar masa teburin cin abinci.

Ya rubuta da hannu, shafi huɗu, ba kalmar ado ko ɗaya. Abin da aka gani, a ina, guda nawa. Abin da za a yi, da wanda za a fara. A ƙarƙashin dalili ya rubuta cewa zane na sittin da uku kuskure ne, mai zanen ya gano haka tun ana gini, ya gyara a wurin aiki da baki, bai gyara takarda ba, bai kuma bayyana wa kowa dalili ba. Waɗanda suka zo bayansa sun bi abin da ya sa wa hannu. Biro ya huda takarda a wurin sa hannun. Bai sake kwafa ba.

Da Darakta ya dawo ya miƙa masa a tsaye a bakin ƙofa. Darakta ya karanta, ya kai shafi na uku, ya buɗe baki. Injiniya ya ce in ya kuskura ya gode masa zai karɓe takardarsa.

Washegari kafin hantsi an gindaya ganguna a bakin gada ta gaɓa biyu. Tireloli suka yi layi har bayan kasuwa, direbobi na zagin duk wanda ya gina ta, ba su san tsohon da ke wucewa ta gabansu da hular kwano ba ne. Aka ɗage taro sai abin da hali ya yi. Bayan kwana uku wata jarida ta buga hotonsa na ƙuruciya, da kanun da matarsa ta ɓoye, ya kuma nemo ya karanta har ƙarshe. Allon tagulla aka aiko da shi ɗakin masu fenti a ajiye, Dogo ya juya fuskarsa bango.

Hukumar ba ta ɗauke shi aiki ba, ba ta kuma hana shi zuwa ba. Kullum da safe yana tsakiyar gada. Ranar da za a fara buɗe tsagogin ya tara masu fenti su goma sha huɗu a gindin tsani, ya ɗauki tsintsiya ya tsoma a bokiti, ya ɗaga ta, ya matse gindinta da tafin hannu ya nuna musu inda ruwa ke taruwa. Ya yi bayanin sau biyu, da faɗa, kamar su suka yi masa laifi. Ya sa kowa ya maimaita. Wanda ya yi kuskure ya sha zagi ya sake.

Da aka zo kan Dogo, ya ce shi ya gane tun ranar da ruwa ya wanke masa hannu.

"Faɗa dai in ji."

Dogo ya faɗa, daidai. Sannan ya ce, yana gyara bel, da an yi wannan karatun shekara talatin da suka wuce da yanzu ana cin shinkafar taro.

"Hau ka yi aikinka, tsohon banza."

Dogo ya hau. Suka bi maɗaurai ɗaya bayan ɗaya, daga tsakiya zuwa hasumiya, jan ruwa na zuba a titin da babu mota. Injiniya na biye a ƙasa da sabon kwafin zane na sittin da uku a kan allo, ya soke layin da jan biro, ya rubuta gyaran da manyan baƙaƙe, da dalilinsa, da kwanan wata. Ɗigo ya faɗo a kan takardar ya bar tabo. Ya ja tsaki, ya share da gefen hannu, ya matsa maɗauri na gaba.